Ƴanci Ko Kyauta? Nauyin Da Kalmar “Free” Ke Ɗora Wa Mai Fassara

Akwai kalmomin da ɗalibi ke koya tun shekararsa ta farko ta Ingilishi a kwaleji, daga nan ya ɗauka ya gama da su har abada. Kalmar “free” tana cikinsu. Haruffa huɗu ce, gaɓa ɗaya, malami ya rubuta “libre” a gabanta bisa allo, an kwafa a littafi, an wuce. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, irin waɗannan kalmomi masu sauƙin gani su ne suka fi cancantar ɗalibin kimiyyar harshe ya yi hattara da su. Kalma mai wuya tana tilasta wa mutum ya buɗe ƙamus. Mai sauƙi kuwa takan bar shi ya yi gaba da kuskurensa hankali kwance.

Batun ya wuce na aji da jarrabawa. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A aikace, takardun hukuma da sanarwar asibiti da yarjejeniyoyin ciniki za su riƙa kai da kawowa tsakanin harsunan nan uku fiye da da, kuma ɗaliban harshe da ke jami'o'inmu yau su ne za a miƙa wa wannan aiki gobe. Saboda haka ya dace mu ɗauki kalma guda mu warware ta zare-zare, mu ga abin da za ta koya mana game da sauran.

Asalin kalmar

A tsohon Ingilishi siffar kalmar ita ce “freo”, kuma saiwarta ɗaya da ta “friend”, wato aboki. Haka abin yake a Jamusanci tsakanin “frei” da “Freund”. Masana tarihin harsunan Indiya da Turai sun danganta su duka da wata tsohuwar saiwa mai ma'anar ƙauna, wadda ta bar “priya”, abin so, a harshen Sanskirit. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, a gidan mutanen wancan zamani akwai rukuni biyu: waɗanda jini ya haɗa, ana ƙaunarsu, da bayi waɗanda aka mallaka. Kalmar da ke nufin “namu, abin ƙaunarmu” sai ta koma nufin “wanda ba bawa ba”. Latin ma ta bi wannan hanya, domin “liber” mai ƴanci ne, jam'insa “liberi” kuma shi ne ƴaƴan gida.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin harshensa ya yi irin wannan tafiya. “Ɗa” shi ne wanda aka haifa, shi ne kuma kishiyar bawa. Daga “ƴa” muka sami “ƴanci”, a Hausar yamma kuwa, ta Adar da Gobir da Sakkwato, inda ake cewa “ɗiya”, muka sami “ɗiyauci”. Hausa ba ta aro wannan daga Latin ba, ba kuma dangantakar asali ce ta haɗa su ba. Al'ummomi ne da suka rayu da bauta, kowace ta waiwayi ɗakin haihuwa ta samo sunan ƴanci a can. Har bambancin da Ingilishi ke yi da harafi ɗaya tsakanin “freeman” da “freedman” muna da shi: na farko ɗa ne, na biyu ƴantacce, wanda ya taɓa zama a hannun wani. Don irin na biyun aka kafa Freetown a 1792 da Libreville a 1849. A ƙasar da sai a 2003 dokar hukunta laifuka ta fayyace bauta a matsayin laifi, zaɓi tsakanin “ɗa” da “ƴantacce” da “mai ƴanci” ba ƙaramin abu ba ne a bakin mai fassara.

Daga wannan ma'ana ta farko sauran suka yi rassa. Wanda ba a mallaka ba, ba a ɗaure shi ba. Abin da ba a ɗaure ba, babu shinge a gabansa. Abin da babu shinge a gabansa, ba a tare shi da haraji ko farashi ba. Ta haka aka iso ga ma'anar “ba a biya”, wadda ta zo daga baya. Zaren da ya ratsa su duka shi ne rashin wani abu da ke riƙe mutum ko kaya. Abin da ke riƙewar ne ke canzawa daga jimla zuwa jimla, kuma Ingilishi sau da yawa ba ya faɗinsa.

Takarda ɗaya, ma'ana uku

Misali mafi kyau yana cikin Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a birnin Paris ranar 10 ga Disamba 1948. A matanin Ingilishi, sashe na 1 ya ce ana haihuwar mutane “free”. Sashe na 16 ya ce ba a ɗaura aure sai da yardar ma'aurata, yardar kuma ta zama “free”. Sashe na 26 ya ce ilimi, aƙalla a matakin farko, ya zama “free”. Kalma ɗaya ce a wurare uku. Matanin Faransanci ya yi amfani da “libre” a biyun farko, ya koma “gratuite” a na uku. Hausa kuwa tana neman hanya uku: a na farko mutane ƴaƴa ne, ba bayin kowa ba, a na biyu yarda ce wadda babu tilas a cikinta, a na uku karatu ne da ba a karɓar kuɗi a kansa. Wanda ya rubuta “ilimi mai ƴanci” a sashe na 26 ya bar uban yara da kuɗin makaranta a wuyansa, alhali takardar ta sauke masa su.

Sai dai ko wanda ya gane cewa maganar kuɗi ake yi, akwai sauran rami a gabansa, kuma a nan ne nake so mu daɗe. Kalmar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce “kyauta”. Mun saba da ita: ilimi kyauta, magani kyauta, rigakafi kyauta. Amma kyauta a Hausa ba rashin farashi kaɗai take nufi ba. Tana da mai bayarwa, tana da mai karɓa, kuma tana ɗora wa mai karɓa nauyin godiya. Shi ya sa Hausawa suka ce yaba kyauta tukuici. Wanda aka yi wa kyauta ba ya duba ta ya ce ta yi kaɗan, ba ya komawa gobe ya ce ina ta yau. Sashe na 26 kuwa haƙƙi yake magana a kai, abin da mutum zai nema da ƙarfin gwiwa, ya yi ƙorafi in bai samu ba.

Mu ɗauki tsarin da Nijar ta shimfiɗa tun 2006 na duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar a asibitocin gwamnati ba tare da biya ba. Rahotannin Ingilishi suna kiran irin wannan “free health care”. Uwar da aka shaida wa cewa kyauta ce za ta shiga asibiti a matsayin wadda aka yi wa alfarma. Wadda aka shaida wa cewa haƙƙin ɗanta ne, baitulmalin ƙasa ya ɗauki nauyin biya, za ta shiga da wata tsayuwa daban. Kuɗin da ke aljihunsu ɗaya ne, amma fassara ta ba su matsayi biyu. Ba ina cewa a kori “kyauta” daga allunan talla da sanarwar rediyo ba, domin gajeriya ce kuma kowa ya san ta. Abin da nake cewa shi ne, a matanin doka da duk inda ake bayanin haƙƙi, “ba tare da biyan kuɗi ba” ta fi aminci, ko da ta fi tsawo.

Inda kalmar ta zauna a jimla

Kayan da ke shigowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram daga Kano da Katsina yawancinsu da rubutun Ingilishi suke zuwa, kuma a jikinsu ne kalmar ke nuna wata fuskar. Idan ta biyo bayan suna, kamar a “sugar-free”, ma'anarta babu: babu sukari a ciki. Idan ta gabaci sunan a rubutun masana abinci, “free sugars”, to sukari ne da ransa, wato wanda aka ƙara a abinci da abin sha, haɗe da na zuma da na ruwan ƴaƴan itace da aka matse. Shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Idan kuma mai kanti ya rubuta “free sugar” a ƙofarsa, gyara yake yi wa masu saye. Kalmomi biyu ne ke musayar wuri, ma'ana uku ta fito, kuma mai ciwon sukari da ya dogara ga wanda ya karanta masa kwalba yana iya kwana a asibiti saboda tsarin jimla.

Haka abin yake a manyan al'amura. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin “free of wild polio”. Sanarwar ta taƙaita ne ga nau'in ƙwayar shan-inna na asali. Rigakafi bai tsaya ba, domin akwai wani nau'in da ake samu har bayan wannan rana. Mai fassarar da ya ji daɗin labarin ya rubuta “an gama da shan-inna” ya yar da kalmar da ta iyakance maganar, ya kuma miƙa hujja ga duk uban da zai rufe ƙofa in masu allura suka dawo. A Yamai kuma, ranar 7 ga Yuli 2019, shugabannin Tarayyar Afirka suka ƙaddamar da matakin aiwatar da yankin “free trade” na nahiyar. Babu kyauta a wannan ciniki, babu kuma izinin kowa ya yi abin da ya ga dama. Rage kuɗin kwastan ne da sauran shingaye a kan iyakoki, shi ya sa “kasuwanci marar shinge” da ake ji a gidajen rediyo ta dace da shi.

Masu sharhin ƙwallon ƙafa ma suna da darasin da za su koya mana. “Free kick” a Faransanci “coup franc” ne, da wata kalma ta uku wadda ba “libre” ba ce, ba “gratuit” ba. A Hausa kuwa aka ce “bugun tazara”. Wanda ya fara faɗin haka bai tsaya neman takwarar “free” ba. Ya dubi fili, ya ga abokan karawa sun ja da baya sun ba mai bugu tazara, ya sa wa abin suna da abin da ido ke gani. Wannan ita ce fassara.

Kama da wane ba ta wane ba

Ɗalibin da ya ga kalma ta yi masa yawa yakan garzaya ga jerin kalmomi masu kusancin ma'ana. A ƙarƙashin “free” zai tarar da “independent”, “loose”, “vacant”, “exempt”, “complimentary”, “gratis” da wasu da dama, an jera su kamar tumaki a turke ɗaya. Amma kowace reshe guda take riƙe da shi. “Vacant” ta ɗaki ce ko kujerar da babu kowa a kai. “Loose” ta akuyar da ta tsinke igiya ce. “Exempt” ta wanda aka ɗauke wa haraji ko wani wajibi ce. “Complimentary” ta abin da otal ko kamfani ya ba baƙo don karramawa ce. “Independent” ta ƙasa ce ko mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa. Fursunan da aka saka ya zama “free”, amma bai zama “vacant” ba. Littafin da Peter Mark Roget ya fitar a 1852, wanda ya zama uban irin waɗannan jerin, an tsara shi ne don tuna wa mai rubutu kalmar da ya riga ya sani ta kuɓuce masa. Ba ya bayyana bambancin da ke tsakaninsu. Tun 1718 kuwa Gabriel Girard ya rubuta littafi sukutum a kan Faransanci don nuna cewa kalmomin da ake ɗauka ɗaya ne kowace da inda ta fi dacewa.

Ko “freedom” da “liberty”, waɗanda suka fi kowa kusa, ba tagwaye ba ne. Ta farko gadon Ingilishi ce daga danginsa na Jamusanci, ta biyu ta shigo ta hanyar Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Suna musayar wuri a jimloli da yawa, har masanin falsafa Isaiah Berlin ya yi amfani da su a matsayin abu ɗaya a laccarsa ta 1958 a Oxford. Duk da haka “to take liberties” wuce gona da iri ne, kuma “freedom” ba ta shiga wannan gurbi. Ƙaramar kalmar da ke biyo baya ma tana da aiki. A jawabinsa na 6 ga Janairu 1941, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya lissafa ƴanci huɗu: biyu da “of”, na magana da na ibada, biyu da “from”, game da rashi da tsoro. Hausa tana karɓar biyun farko da “ƴancin”, amma na ƙarshe sai ta ce kuɓuta daga talauci, tsira daga tsoro. Wanda ya nace sai ya jera “ƴanci” sau huɗu zai ƙare da “ƴancin tsoro”, wanda babu mai so a ba shi.

Kada a ɗauka baƙin harshe kaɗai ke tuntuɓe a nan. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983 ya kuma kafa gidauniyar “free software” a 1985, ya shafe shekaru yana bayyana wa masu jin Ingilishi tun haihuwa cewa ƴancin karanta manhaja da gyara ta da raba ta yake nufi, ba rashin farashi ba. Ruɗanin ya kai wasu suka aro “libre” daga Faransanci da Sifaniyanci, wasu kuma suka ƙirƙiro “open source” a 1998. Masu harshen da kansu sun ji a jikinsu cewa kalmarsu mai harshen damo ce.

Abin da za a iya cewa a ƙi wannan ra'ayi

Wani zai ce muhallin magana yana warware komai, don haka wannan duk yawan bincike ne. Gaskiya ne ga wanda yake da muhallin. Amma mai fassara na yau sau da yawa kalma ɗaya ake miƙa masa tsirara: maɓalli a manhajar waya, kanun labari, rubutun jikin kwali. “Free” a kan maɓalli tana iya nufin ba a biya, a shafin ma'ajiyar waya kuma tana nufin sararin da ya rage. Na'urar fassara tana zaɓar abin da ya fi yawa a rubutun da aka horar da ita da shi, kuma rubutun Hausa da ke intanet bai kai na Ingilishi ko kusa ba. Idan babu ɗan'adam da ya san rassan kalmar a tsakani, kuskuren zai shiga dubban wayoyi a dare ɗaya.

Wani kuma, musamman cikin masu aikin daidaita kalmomin fannu, zai ce tsari yana buƙatar kowace kalmar Ingilishi ta sami takwara ɗaya tak a Hausa, in ba haka ba kowa zai rubuta abin da ya ga dama. Ina tare da su a kan buƙatar daidaito, amma a kan ma'ana ya kamata a gina shi, ba a kan haruffa ba. A tsayar da kalma ɗaya ga “free” ta haraji, ɗaya ga “free” ta zaɓe, ɗaya ga “free” ta nazarin ginin kalma, sannan kowa ya bi. A fagenmu ma mun riga mun yi haka ba tare da gardama ba, tunda muna cewa “fassara mai ƴanci” amma ba mu taɓa cewa “lokaci mai ƴanci” ga sa'ar da malami ba ya da aji ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ciwo, domin daga bakin ƴan boko Hausawa ake jin sa: wai buƙatar kalmomi biyar a madadin ɗaya alama ce ta talaucin Hausa. Mai wannan magana ya gwada mayar da “ci” zuwa Ingilishi. An ci tuwo, an ci kasuwa, an ci jarrabawa, an ci bashi, an ci amana, an ci sarauta, an ci mutunci, an ci gari da yaƙi. Zai buƙaci aikatau daban kusan a kowace, kuma babu wanda zai ce Ingilishi ya talauce. Kowane harshe yana da wuraren da ya tara ma'anoni a tukunya ɗaya da wuraren da ya rarraba su a ƙore-ƙore. A kan “free”, Hausa ce ta rarraba.

Abin da ya rage gare mu

Shawarata ga ƴan'uwana ɗalibai ita ce, duk inda muka haɗu da wannan kalma mu yi mata tambaya uku kafin mu taɓa alƙalami. Mene ne aka ce babu: ubangida, igiya, kuɗi, tilas, cuta, ko mai zama a wurin? Wa abin ya shafa, mutum ne ko kaya? In maganar kuɗi ce, wa ya biya, kuma alfarma ce ko haƙƙi? Tambaya ta ƙarshe tana da amfani har a wajen aji, domin manhajar da ta ce “free” tana karɓar ladanta ta hanyar talla ko bayanan mai amfani da ita, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Faransancin da muka taso da shi yana taimakawa a matsayin rariya ta farko, tunda yana raba “libre” da “gratuit” da “franc” da “sans”, amma kada mu tsaya a nan, domin “libre” ita ma ta tara mai ƴanci da kujerar da babu kowa a kai.

Ga malamanmu kuma, roƙona shi ne a mayar da wannan aikin aji. Muna da ginshiƙai: ƙamusun Bargery na 1934, na Abraham na 1949, na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da zamaninmu ke nema a kansu shi ne jeri na harsuna uku, wanda aka tsara ma'ana bayan ma'ana, kowace da jimlar misali da aka tsinto daga kasuwa da asibiti da kotu da rediyo. Ba sai an jira tallafi daga waje ba kafin a fara. Aji ɗaya zai iya ɗaukar sassa 30 na Sanarwar 1948, ya ja layi a ƙarƙashin kowace “free” da “freely” da “freedom”, ya fassara kowace a muhallinta, sannan a kwatanta abin da ɗan Tawa ya rubuta da abin da ɗan Damagaram ya rubuta. Inda suka saɓa, nan ne bincike zai fara. In an gama da “free”, ga “right” da “fair” da “charge” suna jira, kowace da nata rassan.